Gaskiyar Mota Tana Ƙarƙashinta

Ka tsaya wata rana a inda ake cinikin tsofaffin motoci a Gombe, ka zuba ido ka ga yadda mutanenmu ke duba abin da za su zuba wa dukiyarsu. Mai saye zai zagaya motar, ya shafa fenti da tafin hannu, ya ɗan taɓa taya da ƙafa, ya buɗe ƙofa ya zauna ya riƙe sitiyari, sannan ya ce a tayar da inji. In ƙarar ta kwanta masa a kunne, sai a koma gefe a shiga ciniki. Da wuya ka ga wanda zai tuɓe babbar riga, ya nemi kwali ya shimfiɗa, ya kwanta rigingine ya leƙa ƙarƙashin motar. Ana ganin wannan aikin yaran gareji ne, bai dace da mai kuɗin sayen mota ba. Alhali duk abin da ya shafa da hannunsa a sama ana iya canza shi cikin mako guda. Wanda bai duba ɗin ba, shi ne zai ɗauke shi da iyalinsa a kan hanyar Kaltungo ko ta Dukku.

Shasi nake nufi. A manyan motoci irin su tirela da tifa da tsofaffin Marsandi masu bodin katako, shasi wasu dogayen ƙarafa biyu ne da aka ɗaure da gajeru a tsakaninsu, kuma komai na motar a kansu yake zaune: inji, giya, tankin mai, kan direba da bodi. A ƙananan motoci kuwa tun daga kamfani ake haɗe shi da daɓen motar su zama jiki ɗaya, sai dai makanike ya nuna maka abin da suke kira ƙafar shasi, wadda ta miƙo gaba ta tallafi inji. Inji yana mutuwa a sa wani. Ƙofa tana lotsewa a samo wata a Fanteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano. Amma ranar da aka canza shasi, to wata mota ce daban, ko a wurin kwastam ko a wurin 'yan sanda, domin lambar da ke jikinsa ita ce sunan motar a takarda.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana wani aiki ne da na ga an yi a wani gareji a Nasarawo. Wani matashi ya jawo tsohuwar Fijo 504 akori-kura da ya gada daga mahaifinsa. Ta shekara da shekaru a ajiye a ƙofar gida, tayoyi sun sace sun nutse a ƙasa, awaki sun mai da bayanta wurin kwana. Da ya ga kuɗin mota ya fi ƙarfin mai ƙaramin ƙarfi, musamman tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya ɗaga, sai ya ce bari ya tashe ta ya riƙa ɗauko hatsi daga kasuwannin ƙauye. Tambayarsa ta farko ita ce nawa za a yi mata fenti.

Mai garejin dattijo ne, irin waɗanda suka koyi aiki tun Fijo tana sarautar hanya. Ya dube shi ya ce, "Ɗana, fenti ai shi ne na ƙarshe. Bari mu fara sanin ko ita wace ce."

Matashin ya ce, "Baba, motar mahaifina ce fa. A bayanta na girma."

Ya ce, "Ka san ta ta sama. Kawo takardunta, ka dawo gobe da kayan da ba ka jin tsoron su yi datti."

Washegari ba a taɓa ko noti ɗaya ba. Wanki aka yi. Yara suka ɗauki kalanzir da buroshin waya suka bi ɗakin inji da ƙarƙashin motar suna kankare baƙin mai da jar ƙasar da ta daskare shekara da shekaru, har ƙarfe ya fito fili. Sannan dattijon ya sa tabarau ya nemi lamba. A wuri biyu ake samun ta: akwai ɗan faifan da kamfani ke mannawa, akwai kuma wadda aka buga a jikin ƙarfen kansa. Faifan ba abin dogaro ba ne shi kaɗai, don ana iya cire shi daga wata mota a manna a wata, shi ya sa ya fara duba ƙusoshin da suka riƙe shi ya ga ko na kamfani ne ko an taɓa su. Ta jikin ƙarfen ita ce shaida. Ya shafa wurin da yatsa ya ji ko ya lotsa, alamar an gurje an sake bugawa, ya duba ko haruffan sun daidaita, girmansu ɗaya, zurfinsu ɗaya. Ya sa matashin ya karanto ta takarda, shi yana bin ta ƙarfe ɗaya bayan ɗaya. Suka dace. Lambar inji ce ta saɓa, kuma wannan bai dame shi ba, ya ce motar da ta yi wannan shekarun tana aiki dole ta ci inji fiye da ɗaya.

Masu binciken laifuka sun san wani abu game da irin wannan lamba da ya kamata kowa ya sani. Lokacin da aka buga ta, dukan yana danne ƙarfen da ke can ƙasa da inda ido ke gani. Ko ɓarawo ya gurje saman ya yi sumul, in aka zuba wa wurin wani ruwan asid, ƙarfen da ya sha duka ba ya cinyewa daidai da na gefensa, sai tsohuwar lambar ta sake bayyana. Motocin da aka ƙera tun daga 1981 zuwa yau kuwa galibi lambarsu haruffa da alƙaluma 17 ce, kuma ukun farko suna faɗin ƙasa da kamfani. Peugeot ƙirar Faransa da VF3 take farawa, Toyota ƙirar Japan da JT, motocin Jamus da W. Ba a sa haruffan I da O da Q a ciki don kada a rikita su da ɗaya da sifili, saboda haka duk takardar da ka ga ɗaya daga cikinsu a lambar shasi, to ka tsaya ka yi tambaya.

Bayan lamba sai dattijon ya koma kan abin da ba a rubuta ba. Ya ɗauko mayen ƙarfe yana bin bodi da shi. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda ya zame ya faɗi, fila ce aka cusa aka shafe da fenti. Ya nuna wa matashin hujojin da babu komai a cikinsu a gefen shasi, ya ce akwatin bayan nan ba nata ba ne, na wata motar ne aka ɗora aka huda sababbin ramuka. Ya ƙirga fallayen sifirin na baya ya ga an ƙara a kan na kamfani. Ya ce tsofaffin motocin da suka shigo ƙasar nan kafin ranar 2 ga Afrilun 1972, ranar da Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, da yawansu za ka tarar da tabon inda aka toshe ramin sitiyari aka mai da shi ɗaya gefen. Hatta tsatsa tana faɗin inda mota ta zauna. Wadda ta yi rayuwarta a Legas ko Fatakwal iskar teku tana cin ta daga ƙasa, wadda aka shigo da ita daga Turai gishirin da suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara ya riga ya fara cin ta. Tamu ta Arewa busasshiyar iska tana kare ta daga wannan. Ciwonta daban ne: lodi da ramuka.

Shi kuwa aka samu. Daidai inda sifirin ke rataye a gefen dama, shasin ya tsage, wani mai walda ya taɓa manna masa guntun ƙarfe ya rufe. Dattijon ya ɗauki igiya ya auna daga kusurwar gaba ta hagu zuwa ta baya ta dama, ya sake aunawa daga ta gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu. Da shasi yana miƙe da awon biyu sun zo ɗaya. Ba su zo ba, bambancin ya kai faɗin yatsu biyu. Ya ce, "Ka tuna tana cin tayar baya ta gefe guda?" Matashin ya yi shiru, can ya ce ya tuna mahaifinsa kullum yana kukan taya. Dattijon ya ɗora hannu a kan tsagar ya ce, "Wannan buhunan masara da wake ne na Kumo da Dukku. Da su aka ciyar da ku. Allah Ya jiƙansa." Ban ga wanda ya ƙara magana a garejin ba sai da aka shafa fatiha.

Wanda bai kai shekara talatin ba zai yi wuya ya gane matsayin da wannan mota ta riƙe a ƙasar nan. An fito da 504 a Faransa a 1968, shekara ta zagayo aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta 1969. An kafa kamfanin Peugeot na Nijeriya a 1972, masana'antarsa da ke Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motoci a 1975, daidai lokacin da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka shiga aljihun ma'aikata. Saboda cunkoson tashar jiragen ruwa ta Legas a wancan zamani, ta jirgin sama aka riƙa kwaso kayan haɗin daga Liyon zuwa Kano, sannan a ɗauko su zuwa Kaduna. Bayan kisan Janar Murtala a watan Fabrairun 1976, gwamnatin Obasanjo ta mai da Fijo motar manyan jami'an gwamnati. Ba ita kaɗai ake haɗawa a ƙasar nan ba a wancan lokaci: akwai Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, Marsandi a Inugu, Fiat a Kano, ga Steyr nan kusa da mu a Bauchi. Turawa sun daina ƙera salon ɗin 504 a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fito da ita har tsakiyar shekarun 2000. Injinta yana da silif da ake zarewa a sa sabo, shi ya sa makanike a ƙarƙashin bishiya yake iya mai da shi sabo ba tare da an kai shi ko'ina ba.

Kuma jinin tsere ne da ita, ko da yake mu da lodi muka san ta. Yayarta 404 ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka a 1963 da 1966 da 1967 da 1968. Ita 504 a shekarar 1975 kaɗai ta ci na Safari a Kenya a hannun Ove Andersson, ta ci na Maroko a hannun Hannu Mikkola, ta kuma ci na Bandama a Kwaddibuwa. Hanyoyin da aka yi waɗannan tsere a kansu ba su fi namu na ƙauye kyau ba. Abin da ya kai ta ga nasara shi ne abin da ya sa direbobin tasha suka so ta: ƙasanta yana jure duka.

Maganar tsere ta kai ni ga wasu mutane a Amurka da suka mai da sanin asalin shasi ilimi mai zaman kansa. Suna da wani tsere na gajeren zango: motoci biyu a jere, hanya miƙaƙƙiya, rubu'in mil, wato mita 402, wanda ya riga isa ya ci. Samari ne suka fara shi a kan titunan gari suna hallaka kansu da mutane, har wani mai suna Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA a 1951 don a kwashe su daga titi a kai su fili mai ƙa'ida da jami'an duba lafiyar mota. (Duk lokacin da na ga samarinmu suna wasan mota a tsakiyar jama'a ranar ɗaurin aure, nakan yi fatan wani ya yi musu irin wannan tunani tun kafin a ƙara rasa rai.) Motocin wannan tsere ba kamfani ke ƙera su ba. Maƙera ne ke lanƙwasa bututun ƙarfe su yi walda da hannu a ƙananan shaguna, irin su Kent Fuller da Woody Gilmore da Don Long a Kalifoniya cikin shekarun 1960. A wancan lokaci inji yana gaba, direba yana zaune can baya a bayan tayoyi, giya tana tsakanin ƙafafunsa.

Ranar 8 ga Maris 1970, a filin Lions da ke kusa da Long Beach, giyar motar wani direban tsere mai suna Don Garlits ta fashe a wurin tashi, ta raba motar gida biyu, ta tafi da wani sashe na ƙafarsa ta dama. Yana kwance a asibiti ya tsara motar da inji zai koma bayan direba. Ya dawo da ita a 1971 ya ci babban tseren Pomona, kuma cikin 'yan shekaru kaɗan kowa ya bi sahunsa. Ɗaruruwan motoci masu inji a gaba suka zama ba su da amfani. Aka rataye wasu a rufin gareji, aka jefar da wasu a bayan gida, aka yanka wasu aka sayar. Sai bayan kusan shekara talatin, musamman daga 2000 da aka fara taron tayar da tsofaffin injinan nan a Bakersfield don mutane su ji ƙararsu kawai, jama'a suka farka suka shiga neman su.

Nan aka gamu da matsala. Da yawa daga cikin waɗannan shasi ba su da lamba ko kaɗan, kuma kowanne ya bi ta hannu da yawa, wannan ya ƙara masa tsawo, wancan ya canza masa gaba. Mutum zai sayi tarin bututu masu tsatsa, mai sayarwa ya ce ai motar wane ce da ta ci tsere kaza. Yaya za a tabbatar? Sai su koma ga abin da dattijon Nasarawo ya yi. Su duba zubin walda, don kowane maƙeri da hannunsa. Su duba yadda aka lanƙwasa baƙin ƙarfen da ke kare kan direba, da siffar 'yan kunnuwan da ake ɗaure inji a kai, da hujojin da aka bari, da sauran tsohon fenti a lungun da gurza ba ta kai ba. Su nemo tsofaffin hotuna na mujallu su gwada kusurwa da kusurwa. In maƙerin ko direban yana raye su ɗauki ƙarfen su kai masa. Wani yakan shekara yana wannan bincike bai kunna wutar walda ba. Kuma suna da wata ƙa'ida da ta burge ni: in ba a samu ainihin shasin ba aka ƙera wani kamarsa, dole a faɗa a fili cewa kwaikwayo ne. Wanda ya ɓoye, ya zubar da mutuncinsa a cikinsu. Shi Garlits yana da gidan adana waɗannan motoci a Ocala ta jihar Fulorida, kuma ɗaya daga cikin motocinsa tana gidan tarihin Smithsonian tun 1987.

Su don tarihi da sha'awa suke yi, mu don neman abinci, amma tsarin aikin ɗaya ne, kuma na ga an bi shi a Nasarawo. Aka sauke inji da giya, aka ɗage akwatin baya, aka bar ƙarfen tsirara. Aka ɗora shi a kan turaku, aka daidaita da tiyon ruwa irin na magina. Aka sa jak da sarƙa ana ja a hankali ana aunawa, a ja a auna, har awon igiya biyu suka zo ɗaya. Aka ɓamɓare guntun ƙarfen da aka manna a da, sai ga tsagar ta ci gaba da tafiya a ƙarƙashinsa, ta ninka yadda take. Dattijon ya sa aka huda ɗan rami a kowane ƙarshenta don ta tsaya a nan, aka gurje bakinta ya buɗe yadda walda za ta shiga har ciki, sannan aka ɗora faci mai tsini gaba da baya, domin faci mai kusurwa huɗu yakan tara nauyi a layi ɗaya ya haifar da sabuwar tsaga a gefensa. Wani yaro ya ɗauko ruwa zai watsa don wurin ya huce da wuri, dattijon ya daka masa tsawa, ya ce ƙarfen da aka shayar da ruwa yana zafi ƙarfinsa na gilashi ne. Inda tsatsa ta huda daɓe aka yanke aka sa sabon ƙarfe. Fallayen sifirin da aka ƙara kuwa ya ce a cire, ya kuma gaya wa mai motar gaskiya: in ya mai da su don ya ƙara lodi, to tsagar za ta dawo, kuma kada ya kawo masa.

Matashin ya ƙosa. Kuɗi suna fita, makonni suna wucewa, in abokansa sun biyo ba abin da zai nuna musu sai ƙarfe mai jan fentin hana tsatsa. Ya taɓa cewa, "Baba, duk wannan aikin fa ba wanda zai gan shi." Dattijon ya ce, "Hanya za ta gan shi." Daga baya aka mai da inji, aka yi waya, aka yi birki, fenti ya zo a ƙarshe kamar yadda aka faɗa tun farko. Motar tana aiki yanzu, kuma ta daina cin taya.

Abin da nake so mu lura da shi shi ne yadda muka juya wannan tsari a yawancin gyare-gyarenmu. Mun saba farawa da abin da idon mutane zai sauka a kai. Garin Gombe kowa ya san yadda zaizayar ƙasa ke cin unguwanni, kwari yana matsowa kowace damina, amma za ka ga mai gida ya kashe kuɗi a kan tayil da ƙofar ƙarfe mai ado, magudanar ruwan da ke bin gindin katangarsa kuwa ta toshe bai kula ba. Za ka ga ajin makaranta bangonsa ya tsage daga sama har ƙasa, a zo a cike tsagar da siminti, a shafa fenti mai launi biyu, a rubuta an gyara. Hatta sulhu tsakanin miji da mata ko tsakanin 'yan'uwa a kan gado, sau da yawa haka muke yinsa: a tara su, a ce kowa ya yi haƙuri, a yi addu'a a watse, ba wanda ya zauna ya tono inda abin ya fara. Bayan wata shida a sake taruwa, matsalar ta fi ta da. Dalili ɗaya ne a duka: tonawa tana da wuya, tana cin lokaci, tana iya fito da abin da ba ma son ji, kuma ba a yaba wa mai yin ta, tunda ba a gani.

A harkar mota dai wannan halin rayuka yake ci. Akwai masu sayen motoci biyu da suka yi haɗari, su yanke gaban wannan da bayan waccan su haɗa da walda, su bi da fila da fenti, su kai kasuwa. Irin wannan mota tana iya shekara tana tafiya lafiya, amma ranar da ta faɗa rami da gudu ko ta yi karo, a wurin ɗinkin za ta rabu, da fasinjoji a ciki. Ba na ɗora laifin a kan masu gyara su kaɗai. Mu masu kai aiki muna da namu kaso. In makanike ya ce sai an sauke inji an miƙe shasi, mukan ce yana neman cin kuɗinmu ne, mu ɗauke motar mu kai wa wanda zai ce ba komai, a shafe kawai. Da haka muke korar masu gaskiya daga sana'ar, mu bar wa masu rufa-rufa fili.

Addininmu bai bar wannan a duhu ba. Sananne ne labarin da ya zo a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa cikin tsibin ya ji danshi a ƙasa alhali saman a bushe yake, ya tsawata masa a kan rashin fito da jiƙaƙƙen inda mutane za su gani, ya kuma nesanta mai algus daga kansa. Malaman fiƙihu sun gina hukunci a kan haka: wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin kayansa, kuma mai saye yana da damar mayarwa in ya gano an ɓoye masa. 'Yan kasuwar Tudun Hatsi sun san wannan hukunci a kan buhun masara. Bai canza ba don kayan ya zama mota. Dillalin da ya san an yi wa shasi ɗinki ya yi shiru, ya san me ya aikata.

Akwai kuma asarar da muke yi ba mu ankara ba. Kullum 'yan gwangwan suna zagaya unguwanni, ana yanka tsofaffin motoci da wutar kabaid, a auna a kilo, a loda a tirela a kai kamfanonin narka ƙarfe. Sana'a ce ta halal, tana ciyar da gidaje da yawa, kuma ba kowace tsohuwar mota ce ta cancanci a ajiye ba. Amma a cikin abin da ake yankawa akwai motocin da hannun 'yan ƙasar nan ya haɗa a Kaduna da Bauchi, akwai waɗanda suka yi jigilar auduga zuwa injin gurza na Gombe, da waɗanda suka ɗauki siminti daga Ashaka tun farkon buɗe ta. Motar da aka harbi Janar Murtala a cikinta tana gidan tarihi na Onikan a Legas, yara suna zuwa suna gani da idonsu. Motocin da suka gina kasuwancin wannan yanki kuwa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Su ma dattawan da ke iya gane shekarar mota daga zubin waldarta, su saita kafireta da kunne, suna ta raguwa. Yaran yanzu suna koyon duba mota da kwamfuta, kuma dole ne su koya, sai dai kwamfuta ba ta nuna shasin da ya karkace. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ina kira ga ƙungiyar makanikai ta NATA reshen Gombe da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke garin nan, su haɗa kai su samo ko da 404 ɗaya da 504 ɗaya ƙirar Kaduna, a gyara su bisa ƙa'ida a gaban ɗalibai, a gayyato tsofaffin masu sana'ar su koyar, a ɗauki bayaninsu a rubuce da kuma a bidiyo tun suna raye. Kai kuma mai karatu, in za ka sayi mota, ka tafi da makaniken da kai ka zaɓa ba wanda dillali ya kawo ba, ka biya shi kuɗin dubawa, a ɗaga motar a gabanka, ka gwada lambar ƙarfe da ta takarda da idonka. In kuwa akwai tsohuwar motar mahaifinka a ƙofar gida kana shirin kiran masu sikeli, ka dakata mako ɗaya: ka kwafi lambar shasinta, ka ɗauke ta hoto ta kowane gefe, ka nemo wani dattijon makanike ya leƙa ƙarƙashinta ya gaya maka ko za ta tashi.